Yadda ake shiga tsohuwar makabarta don ɗaukar hoton itatuwa da namun da ke cikinta

Duk mai bin hanyoyin ƙauyukan Kano da Jigawa ya san yadda gonaki suka cinye ko'ina, daga bayan gari har inda ido ya tsaya. Amma can gefe guda sai ka hango wata duhuwa, kuka da tsamiya da marke sun haɗe kai, ƙarƙashinsu sarƙaƙiya da sabara. In ka tambaya, galibi za a ce maka tsohuwar makabarta ce. Garma ba ta shiga, mai gatari yana jin nauyin sara, mafarauci ma yakan kauce. Shi ya sa abin da ya ƙare a sauran daji ya tattaru a nan: damo, bushiya, kurege, fakara, mujiya, wani lokacin har yanyawa. Ga mai son hoton halittu, da wuya ya sami wuri irin wannan kusa da gida.

Sai dai wurin yana da masu shi. Mutane ne kwance a ciki, jikokinsu kuma suna nan cikin gari. Duk matakan da ke tafe an ɗora su a kan abu ɗaya: haƙƙin mamaci yana gaba da hotonka. Wanda bai yarda da wannan ba gara ya nufi dajin Falgore ko fadamar Baturiya, can ma akwai abin ɗauka.

Kayan aiki

Abin ɗaukar hoto. Waya ta wadatar wa mai farawa, Tecno ce ko Infinix ko Samsung, muddin ka goge idonta kafin ka fara. Da ita za ka ɗauki itatuwa, yanayin wuri, ƙwari, hawainiya, sawun dabba. Tsuntsu ne ba za ta kamo maka da kyau ba. In kana da kyamara irin Canon ko Nikon, gilashin da ya fi amfani shi ne mai jawo nesa, 70–300mm. In babu, nemi tabaron hangen nesa ko na gwanjo ne, ka manna idon waya a bakin ido ɗaya nasa; hoton yakan fito da baƙin zobe a gefe, sai ka yanke daga baya.

Batir na biyu ko pawa bank, da memori mai sarari.

Takalmi. Wannan ya fi kyamara muhimmanci. Samo dogon takalmin roba irin na manoman shinkafar Kura da Haɗeja. In babu, kambas mai kauri da safa biyu, ka cusa ƙafar wando a cikin safa. Silifa da fade a bar su a gida. Mafi yawan malamai sun halatta tafiya da takalmi a makabarta, balle inda akwai ƙaya da maciji.

Tufafi masu ruwan ƙasa ko ruwan toka, riga mai dogon hannu, da malafa ko hular hana-sallah. Farar shadda tana korar tsuntsu tun daga nesa, ga kama ƙarangiya. Kada ka shafa turare, ƙudan zuma ba sa shiri da shi.

Sanda mai tsayin kafaɗarka. Da ita za ka riƙa taɓa ciyawa kafin ka taka, da ita kuma za ka tokare kyamara in ba ka da ƙafa-uku, wato abin nan da ake girka kyamara a kai. Ni dai ban cika ɗaukar ƙafa-uku ba: wajen kafa ta sai ƙafarta ɗaya ta hau kabari, ga shi tana jawo idon mutane. Safa cike da yashi ko shinkafa, a ɗora a kan reshe ko kututture, a kwantar da kyamara a kai, tana yin aikin.

Ruwan sha lita 2, ƙaramin littafi da biro, ledar da za ka nannaɗe kyamara saboda ƙura ko yayyafi, da goro ko ɗan abin gaisuwa na dattawa.

Abin da ba za ka ɗauka ba: gatari, adda, fartanya, danƙo, taba da ashana, buhu. Duk wanda ya gan ka da buhu da abin tono a makabarta ba zai tsaya tambayar sunan tsuntsu ba. Jirgin nan marar matuƙi ma a manta da shi. Yana buƙatar izinin hukuma, ƙararsa kuma tana tara jama'a.

Mataki na 1: Gano wurin

Buɗe Google Maps ka juya shi zuwa hoton tauraron ɗan adam. Duba gefen tsofaffin garuruwa, irin yankin Rano, Gaya, Karaye, Dawakin Kudu, Birnin Kudu, Ringim, Kazaure. Gonaki za su fito fari-fari, yankakku, kowace da iyakarta. Inda ka ga tabo mai duhu, itatuwa sun cunkushe, babu kuyya, babu hanyar mota a ciki, to ko makabarta ce ko kufai. Sau da yawa biyun suna tare, don inda gari ya tashi nan ya bar matattunsa. Akwai ƙauyukan da suka ƙaura saboda yaƙi, akwai na rashin ruwa, akwai waɗanda ruwa ya tasa kamar na yankin madatsar Tiga da aka kammala a 1974.

A ƙasa, alamun su ne tarin kukoki a wuri ɗaya, shingen aguwa ko dashi da ya tsufa ya zama itace, da fasassun tukwane a warwatse. Ka lura da irin itatuwan. Kanya, marke, ƙirya da tsamiya masu kaurin gindi suna nuna wuri ya daɗe ba a taɓa shi ba. Darbejiya baƙuwa ce daga Indiya, zamanin Turawa aka kawo ta, ta Borno ta fara wajen 1928, don haka makabartar da darbejiya kaɗai ta cika ba ta kai waccan tsufa ba, ko kuma daga baya aka yi mata shuka.

Fara da ƙauyen da kake da wani a ciki, ko abokin karatu ne, ko suruki, ko wanda kuke ciniki. Baƙo ko da ido makaho ne.

Mataki na 2: Neman izini

Nan ne masu farawa suka fi yin kuskure, kuma kuskuren nan yana iya cin rai. Kowa ya sha jin labarin masu tonon kabari don tsafi. Mutumin da ba a sani ba, shi kaɗai, yana sunkuye-sunkuye cikin duhuwar makabarta da jaka a baya, in yaro ɗaya ya yi ihu, kafin ya buɗe baki an taru a kansa. Katin shaidar aiki ba ya hana wannan. Abin da ke hanawa shi ne a ce gari ya riga ya san da zuwanka.

Ranar farko kada ka fito da kyamara sam. Wanda ka sani ya kai ka wurin mai unguwa, mai unguwa ya kai ka wurin dagaci. Ka cire takalmi, ka durƙusa, a gaisa a tsanake, a tambayi gida da damina da jama'a. Sannan ka faɗi buƙatarka a gajarce kuma a fili, kamar haka: "Ranka ya daɗe, ni mai ɗaukar hoton itatuwa da tsuntsaye ne. Na ga tsofaffin itatuwan da ke makabartar gabas, irin da babu su yanzu a gonaki. Ina neman izini in shiga da rana, tare da wanda za ku haɗa ni da shi. Ba zan taɓa komai ba, ba zan ɗauki komai ba." Nuna masa hotunan tsuntsaye da ka taɓa ɗauka a waya. Wannan yana kwantar da hankali fiye da dogon bayani.

Daga nan sai liman. "Allah ya gafarta Malam, akwai abin da ya kamata in kiyaye?" Abin da ya faɗa shi ne dokarka a wannan gari, ko da ya saɓa da abin da aka ce maka a wani garin. Wani zai ce ɗauki itatuwa amma ban da kaburbura. Wani zai keɓe ɓangaren da aka binne malamai ko sarakai. In akwai 'yan sintiri ko 'yan Hisba, a sanar da su rana da lokaci.

Ka roƙi a haɗa ka da dattijon da ke kula da makabartar ko ɗaya daga cikin masu haƙa kabari. Shi ya san inda hanya take, inda ƙasa ta rufta, kukar da ke da zuma, ramin da kumurci ke kwana. Ka sallame shi da abin kirki, ya bar aikinsa ne saboda kai.

In an ce a'a, a'a ce. Yi godiya, ka nemi a bar ka ka ɗauka daga bakin gona. Tsuntsaye da yawa ma a gefen shinge suke kiwo. Haka 'yan'uwa mata masu wannan sha'awa: a yawancin ƙauyukanmu mata ba sa shiga makabarta, to bakin shinge da gilashi mai jawo nesa ya fi jayayya da gari.

Mataki na 3: Zaɓen lokaci

Kowane yanayi da abin da yake bayarwa. Farkon damina, Yuni zuwa Yuli, shi ne lokacin rai: shamuwa ta riga ta iso, damo ya fito daga ramin da ya yi rani a ciki, kuka ta yi ganye ta saki fararen furanninta, tsuntsaye suna sheƙa. Amma daga Agusta ciyawa ta fi ƙarfin mutum, tafasa da gamba sun rufe komai, ƙasa ta jiƙe, kaburbura suna ruftawa. Mai farawa kada ya shiga a marka.

A ganina kaka ta fi, ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba. Ciyawa ta fara kwantawa ta yi ruwan zinariya, ana iya ganin inda ake takawa, sama tana nan garau, tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai sun sauka. Sai dai ka ninka hattara da maciji, don lokacin girbi suna yawo.

Hunturu yana da nasa kyau. Kuka ta zubar da ganye, rassanta tsirara, hazo ya mai da rana jar ƙwallo da ake iya kallo. Gawo kuwa a lokacin yake kore shar, shi da ke zubar da ganye da damina. Illarsa ƙura: kada ka cire gilashin kyamara a fili, ka sa wanda za ka yi aiki da shi tun daga gida. Bazara zafi ya wuce digiri 40, ba a jimawa, amma in akwai kududdufin da bai ƙafe ba kusa, duk abin da ke duhuwar can zai je sha.

A yini kuma, daga fitowar rana zuwa hantsi, wato kamar 6:30 zuwa 9:00, sai bayan la'asar zuwa 5:30. Tsakar rana haske yana faɗowa daga sama, inuwa ta yi baƙi ƙirin, dabbobi sun ɓuya. Ka fita kafin magariba ko me kake gani. Ka kauce wa safiyar Juma'a da ranakun Sallah, lokacin masu ziyara ne. In kuwa kana ciki aka kawo gawa, don wasu tsofaffin makabartun har yanzu ana binnewa a gefensu, mai da kyamara jaka ka shiga cikin masu rakiya.

Mataki na 4: Shiga da tafiya a ciki

A bakin shiga ka tsaya ka yi sallamar da ta zo a Sahihu Muslim: Assalamu alaikum ahlad diyari minal mu'minina wal muslimina, wa inna in sha Allahu bikum lahiƙun, nas'alullaha lana wa lakumul afiya. Ka yi musu addu'a. Kashe ƙarar waya da ƙarar maɓallin kyamara.

Yanzu sai ka koyi ganin kabari, don tsohon kabari ba ya kama da sabo. Tudun ya baje, wani ma ya lotsa ya zama kwari. Abin da zai taimake ka shi ne tsarin binnewa. Ana kwantar da mamaci a gefen dama yana fuskantar alƙibla, kai a kudu, ƙafa a arewa. Saboda haka tsawon kabari kudu da arewa yake, kuma a jere suke. Da zarar ka gane guda biyu ko uku, idonka zai fara ganin sauran layin. Nemi ɗan tudu ko lotsawa mai tsawon mutum, dutse ko bakin tukunya a kai da ƙafa, ko wurin da ciyawa ta fi kauri a siffar tabarma.

Bi tsakanin layuka, bayan ɗan rakiyarka, kana taka inda ya taka. Hadisi ya yi tsanani a kan zama bisa kabari, har aka ce mutum ya zauna a kan garwashi ya ƙona tufarsa ya kai ga fata ya fi masa. Ban da wannan akwai haɗari na zahiri. Kabarinmu babban rami ne da ƙarami a cikinsa, ana rufe ƙaramin da itace ko tukwane kafin a zuba ƙasa. Shekaru suna tafiya gara ta cinye itacen, sai ɓawon ƙasa kawai ya rage a sama. Ka taka, ƙafarka ta zurma har gwiwa, kuma irin wannan kogon kunama da maciji suke so.

Zuwan farko ka zagaya kawai, kamar rabin awa, kana rubutu. Ina hanyar fita mafi kusa? Ina suri? Wace bishiya ce ke da 'ya'ya yanzu? Ina ka ga sawu, kashin dabba, gashin tsuntsu, saɓar maciji? Ina ne fili wanda Baba, wato dattijon da ke maka rakiya, ya tabbatar maka babu kabari, inda za ka iya zama? Ka tambaye shi tarihi ma yayin da kuke tafe. Dattawa da abin da ya faru suke lissafi: wannan ɓangaren tun kafin basasar Kano da ta tashi a 1893, wancan bayan Turawa sun ci Kano a 1903, ko Haɗeja a 1906, can kuma na shekarar yunwar Ƙaƙalaba ta 1914, na bakin hanya na sanƙarau ɗin 1996. Rubuta yadda ya faɗa, ka sa cewa daga bakinsa ka ji.

In ka ga kabarin da ya buɗe har ƙashi ko likkafani ya bayyana, kau da kai, kada ka ɗauka, kada ka taɓa. Faɗa wa ɗan rakiya da liman, su za su haɗa gayya a gyara.

Mataki na 5: Hoton wuri da itatuwa

Tun da kaburbura kudu da arewa suke, ranar safe daga gabas tana dukan gefensu ne, inuwa ta kwanta a yamma. Tsaya daga kudu ko arewa, hasken ya zo maka ta gefe. Tudun da ba a gani da tsakar rana sai ya fito sarai, layi bayan layi. Wannan in an ba ka izinin ɗaukar kaburbura ke nan. Allunan ƙarfe masu sunan mamaci da ke kan na baya-bayan nan kuwa, juya ta bayansu ko ka bar su daga cikin hoto, sai in iyalan ne suka nema.

Kuka tana ruɗar mai farawa. Yakan ja baya ya ɗauke ta duka, ta fito ƙarama, girmanta ya ɓace. Sa wani abu da ido ya san girmansa a kusa da gindinta, Baba in ya yarda, ko sandarka a jingine. Ko ka matsa gindin ka ɗaga kyamara sama, rassan su cika hoton. Da hunturu ka sa rana a bayanta, ka danna sararin sama a fuskar wayar ka ja alamar haske ƙasa, bishiyar ta zama baƙa a kan jan sama.

A cikin duhuwa haske tsinke-tsinke yake, wani wuri fari fat, wani baƙi. Waya takan rikice. Danna ka riƙe a kan abin da kake so har ta kulle, sannan ka rage haske kaɗan. Mai kyamara ya sa buɗewar idon gilashi a f/8, ƙarfin jin haske, wato ISO, a 400, ya tokare da sanda. Kada ka kunna filasha.

Kada ka manta da ƙananan abubuwa: saiwar cediya da ta naɗe tsohuwar tukunya, kauci a kan reshe, gizo-gizo da raɓa, fatar marke mai dabbare-dabbare. Ɗauke su a inda suke. Kada ka gyara wa tukunya zama don ta yi kyau a hoto, alamar kabarin wani ce. Kada ka karya reshe don ya tare maka, matsa ka sake kusurwa.

Mataki na 6: Hoton dabbobi da tsuntsaye

Mai farawa yakan yi ta yawo yana nema, kuma duk inda ya nufa abin ya riga ya gudu. Aikin zama ne. Koma filin nan da Baba ya nuna maka, ka jingina da bishiya don kada siffarka ta fito a sarari, rana a bayanka, ka yi shiru. Minti 20 zuwa 30 na farko ba za ka ga komai ba. Daga nan kurciya za ta dawo, sai sauran su biyo. Ka gaya wa ɗan rakiya tun farko cewa hira sai an fito, in ba haka ba zai ga kamar ka yi fushi ne.

Saitin kyamara a taƙaice: juya zuwa Tv a Canon ko S a Nikon, inda kai ke zaɓar saurin ƙiftawar ido. Tsuntsun da ke zaune 1/500 na daƙiƙa, mai tsalle-tsalle 1/1000, mai tashi 1/2000. Bar ISO ya zaɓi kansa, iyakarsa 3200. Sa saiti a kan idon dabba. In ido ya fito tas, an yafe wa sauran. In tsuntsu yana kan reshe sama fara a bayansa, ƙara haske da +1, in ba haka ba zai fito baƙi. Mai waya kada ya ja zum ya wuce 2x, hoton farfashewa yake. Gara ka ɗauka da nisa ka yanke.

Sanin halin kowanne ya fi saiti. Tsanwaka, shuɗiyar nan mai dogayen gashin wutsiya biyu, takan zauna a busasshen reshe, ta faɗo ta kama fara ta koma inda ta taso. Saita kyamara a kan reshen ka jira ta. Fakara da sassafe takan hau suri ta yi kuka, to suri shi ne abin tsaro. Alhudahuda a ƙasa yake kiwo yana caka baki, yana saukowa yakan buɗe tukkunsa na ɗan lokaci, nan ne hoton. Cilakowa da damina macen takan shige kogon bishiya a liƙe bakin da laka, a bar 'yar tsaga, namijin yana kawo mata abinci. In ka ga yana zarya da ƙwaro a baki, ja baya sosai. In ya tsaya yana ta dube-dube bai je ramin ba, ka yi kusa da yawa. Kanya ko cediya mai nunannun 'ya'ya tana tara tsirya da hasbiya da sauransu, zama ɗaya a ƙarƙashinta ya fi yawon yini.

Mujiya ba a ganinta sai an bi alama: farin kashi a gindin tsamiya ko kuka, da ƙulle-ƙullen gashi da ƙasusuwan ɓera da take amayarwa, ko ka ji ƙananan tsuntsaye sun taru suna ta tsiwa a wuri ɗaya. Ɗaga kai a hankali. Ɗauki biyu ko uku ka wuce, kada ka nuna ta da hannu in akwai yara kusa. Camfin da ake yi a kanta ya sa duk inda aka gan ta jifa ne, alhali ɓerayen da take ci a dare rumbun manomi take tsarewa. Yautai kuwa a ƙasa yake kwana cikin busasshen ganye, sai ka kusa taka shi ya tashi. Lura da inda ya sauka.

Kurege yana gudu ya tsaya ya miƙe a kan ƙafa biyu ya waiwayo, wannan tsayuwar ita kake jira. Damo, sarkin haƙuri, yakan fito shan hantsi a bakin rami ko kan suri. Matso a karkace, taku biyu ka tsaya, kada ka nufe shi kai tsaye. Hawainiya da ƙadangare da malam-buɗe-littafi aikin waya ne, sauko daidai tsayinsu ka ɗauka daga gefe, bayan ka duba abin da gwiwarka za ta sauka a kai. Bushiya da yanyawa da gafiya na dare ne, kai kuma ba ka kwana a nan, don haka ka wadatu da sawunsu da bakin raminsu, ka ajiye biro a gefe don a gane girma.

Kada ka zuba hatsi, kada ka kunna kukan tsuntsu a waya, kada ka ba yara kuɗi su kamo maka wani abu. Ranar da ka biya kuɗin bushiya ɗaya, washegari za a kawo maka biyar a kwali.

Mataki na 7: In abu ya faru

Macizai uku ne abin kiyayewa. Kububuwa ƙarama ce, ba ta cika wuce kamu ɗaya ba, kalar ƙasa, in ta ji motsi takan naɗe tana goga jikinta yana ba da sauti. Ita ta fi kowane maciji illata mutane a Arewa. Dafinta yana hana jini daskarewa, mutum yana iya jin kamar ba komai sai daga baya dasashi ya fara zubar da jini. Kasa mai ƙiba ce, ba ta gudu, tana kwance cikin ganye. Kumurci yana fasa kai ya feso dafi a ido.

Kada ka sa hannu a rami, kogon bishiya ko cikin tukunya. In ka ga maciji tsaya, ja baya, in akwai tazarar taku biyar ko fiye ka ɗauka da gilashi mai jawo nesa. In an yi sara: kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da agogo, a ɗaura sanda a jikin ƙafar ko hannun don kada ya motsa, a ɗauki mutum a kai shi babban asibiti inda ake da allurar dafin maciji, ko da yana cewa ya warke. Tun kafin ka zo ka san asibitin da ya fi kusa, ka riƙe lambar mai babur a garin. Dafi a ido kuwa a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, sannan asibiti.

Zuma a kogon kuka take. In ka ji gunjinsu ya canza ko ɗaya ta fara dukan fuskarka, rufe kai da riga ka bi hanyar fitar nan da ka riga ka gane, ka yi nisa. In kun fito, duba ƙafafu da ƙugu saboda kaska.

Mataki na 8: Bayan an dawo

A daren ranar ka kwafe hotuna zuwa kwamfuta ko wani memori, ka sa musu suna da gari da kwanan wata. Share masu yawa, daga ɗari in ka sami biyar na kirki ka yi ciniki. Don gane sunan tsuntsu akwai manhajar Merlin, ga iNaturalist na tsirrai da ƙwari, amma ka fara tambayar Baba sunan Hausa ka rubuta su tare.

Kafin ka sa a Facebook ko WhatsApp, cire bayanin wuri daga hoton, kuma kada ka faɗi sunan ƙauyen in hoton mujiya ne, ko damo, ko ungulu. Ungulu ta yi ƙaranci ƙwarai saboda masu sayen sassanta don magani, hotonka kada ya zama musu jagora. "Wani ƙauye a Jigawa" ya isa. Kada ka ɗora wa hoton makabarta kiɗa ko labarin aljanu don neman mabiya. Ranar da wani ɗan garin ya gani, an rufe maka ƙofa, an rufe wa wanda zai zo bayanka.

Zaɓi uku ko huɗu, ka wanke su a takarda a gidan hoto, ka kai wa dagaci da liman da Baba kowa nasa. In ka lura da inda shinge ya faɗi dabbobi suna shiga, ko inda gona ta fara cin gefen makabarta, ko busasshiyar ciyawar da wuta za ta iya kamawa, ka faɗa wa dagaci a keɓe, ba a intanet ba. In sun sa ranar gayyar shara, ka zo da fartanyarka a wannan karon, ka roƙi a yi sassabe da hannu a bar manyan itatuwa, don wuta tana cin itacen da ke riƙe da kaburbura ta kuma kashe duk abin da ke cikin ramuka.